Duwatsun Murhu Uku: Jagora Ga Wanda Ya Gama Digirin Kimiyyar Kwamfuta A Sakkwato

Duk shekara, da zarar an kafe sakamakon ƙarshe, sai in fara samun baƙi bayan sallar la'asar. Ƙanne ne da 'ya'yan maƙwabta da suka gama karatun kwamfuta, wasu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wasu a Jami'ar Jihar Sakkwato, wasu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Tambayar ba ta canzawa: "Yaya, na ƙare. Yanzu mi zan yi?" Sai in ce a miƙo mini takardar CV. Kusan kullum abu ɗaya nake gani: jerin harsunan kwamfuta, Java, C++, PHP, Python, sai wani layi a ƙasa mai cewa yana sha'awar koyarwa da bincike. In na ce to buɗe laftof ka nuna mini abu guda da ka rubuta wanda wani ke amfani da shi yau, sai a fara sosa ƙeya.

Wannan ba aibin wata makaranta ba ne, ni ma haka na fito. Aji tushe yake ba ka, ginin kai za ka ɗora. Duk inda za ka kai takardarka, kamfani ne, jami'a ce ko masu ba da tallafin karatu, abu uku suke lalube: ka iya rubuta manhaja, ka iya koyar da wani, ka iya ɗaukar tambaya ka bi ta har ka samo amsa. Yara da yawa suna ɗaukar waɗannan a matsayin hanyoyi uku da sai an zaɓi ɗaya. Ni kuwa duwatsun murhu nake ganinsu, tukunya ɗaya suke ɗauka. Abin da zan nuna maka shi ne yadda aiki guda, in ka zaɓe shi da kyau, zai ba ka ukun cikin shekara ɗaya zuwa biyu.

Fara da kare abin da za ka rubuta

Kafin komai, laftof. Ba sai mai tsada ba. Ta hannu mai RAM gigabait 8 da ma'ajiyar SSD ta wadatar da duk abin da ke cikin wannan jagorar. Abin da ke kashe kwamfuta a garin nan zafi ne da ƙura. Daga Maris zuwa Mayu ma'auni yana haura 40, sannan hunturu ya zo ya cika fanka da ƙasa. Kada ka ɗora ta kan katifa ko filo, ka ɗaga bayanta iska ta shiga, ka kai a busa ta bayan kowane hunturu. Aiki mai nauyi ka bar shi zuwa bayan asuba ko dare.

Na taɓa rasa aikin wata huɗu a rana ɗaya. Cikin bazara ne, an kawo wuta da ƙarfi, caja ta yi ƙara, allon ya ɗauke. Mai gyara ya juya ta ya juya, ya ce sai haƙuri. Kwafin da nake taƙama da shi yana cikin filas, filas ɗin kuma na ara wa wani ya goge ya zuba waƙoƙi. Tun ranar ban sake rubuta layi goma ba tare da Git ba. Linus Torvalds ya ƙirƙiro shi a 2005, aikinsa kuma shi ne riƙe tarihin kowane canji da ka yi. Ka koyi umarni biyar kawai a makon farko: init, add, commit, push, pull. Ka buɗe asusu a GitHub, shafin intanet da ake ajiye kwafin kod, kyauta ne. Duk daren da ka yi aiki, ka tura kafin ka kwanta. Rubutun kod ba ya cin data kamar bidiyo, don haka babu uzuri.

Harshe ɗaya

A nan ba zan daɗe ba. Ka ɗauki Python ka haɗa da SQL, harshen da ake magana da rumbun bayanai da shi, ka rufe ido ga sauran na wata shida. Dalilina: da Python za ka gina manhaja, da shi za ka koyar da mai farawa, da shi kuma ake yawancin binciken bayanai. Wanda ya san harshe shida sama-sama bai kai wanda ya san ɗaya har ƙashi ba. In tushenka ya yi rauni, darussan CS50 na Jami'ar Harvard kyauta suke a intanet. Ka sauke su lokacin da data ke araha, ka yi atisayen da hannunka. Kallon bidiyo ba koyo ba ne, kamar mai kallon kokawa ne yana jin shi ma zai iya kayarwa.

Nemo matsalar da ke da mai ita

Nan ne mafi yawa suke ɓata. Sai yaro ya kwaikwayi manhajar da ya gani a YouTube, ta sayar da kaya ko ta hasashen farashin gidaje a wani birnin Amurka, ya ɗora a GitHub tare da dubban masu irinta. Babu wanda zai tambaye ka a kanta, domin babu wanda ta dama.

Ka fita unguwa. Matsala ta gari tana da alama uku: akwai mutum mai suna da fuska da take ci wa tuwo a ƙwarya, yanzu da biro da littafi ake fama da ita, kuma za ka iya gama sigar farko cikin mako shida. Dillalin albasa da ke bin bashin buhuna daga Goronyo da Wurno. Mai kemis da ba ya sanin maganin da ya kusa lalacewa. Islamiyyar da ke karɓar kuɗin wata daga yara ɗari uku. Duk waɗannan aiki ne.

Nawa na farko wata makaranta ce mai zaman kanta a wajen Mabera. Duk ƙarshen zango malamai sukan kwana uku suna tara maki da na'urar lissafi, suna fitar da na ɗaya da na biyu, suna cika kati da hannu. Ban fara da kwamfuta ba. Na zauna a ofishin shugaban makarantar kwana biyu ina kallon yadda takarda ke tafiya daga hannun malamin darasi zuwa malamin aji zuwa gare shi. Ka yi haka kai ma. Ka roƙi tsohon kati da tsohon rajista, ka tambayi abin da ake yi in yara biyu sun yi kunnen doki, da wanda bai zauna jarrabawa ba saboda rashin lafiya. Amsoshin nan su ne ainihin manhajar. Kod ɗin fassara ce kawai.

Sannan ka gina mafi ƙanƙantar abin da zai yi aiki. Rumbun bayanai na SQLite, wanda fayil guda ne ba ya buƙatar intanet ko wata babbar na'ura. Shafi ɗaya na shigar da maki, shafi ɗaya na buga kati. Kada ka sa ado. Kada ka yi abin da sai da intanet zai tashi, domin ranar da ake buƙatarsa ita ce ranar da layi zai ɗauke.

Ranar da aka bar Asma'u a waje

Mako guda da fara amfani da manhajar, shugaban ya kira ni. "Malam, wanga abu naka mi ya haɗa shi da Asma'u? Duk yara sun shiga, ita ɗai anka bari waje." Na ce, "Ranka shi daɗe, ina tafe." Da na je sai na ga ba ita kaɗai ba ce: Hauwa'u, Sa'adatu, Isma'ila, Mu'azu, duk manhajar ta ƙi su.

Ga abin da ya faru. A SQL, alamar nan ta ɗan waƙafin sama ita ke buɗe rubutu ta rufe shi. Ni kuma na liƙa sunan kai tsaye cikin umarnin. Da kwamfuta ta iso waƙafin da ke tsakiyar Asma'u sai ta ɗauka sunan ya ƙare a Asma, harafin ƙarshe ya zame mata shirme. Maganin shi ne kada ka taɓa liƙa abin da mutum ya rubuta cikin umarnin SQL. Ka sa alamar tambaya a gurbinsa, ka miƙa sunan daban. An koya mana wannan a aji a matsayin kariya daga masu kutse, na haddace na ci jarrabawa na manta. Yarinya 'yar aji uku ce ta sa ya zauna mini.

Ban gama da wannan ba sai ga wata. In aka jera sunaye bisa haruffa, Ɗahiru da Ɗanjuma sai su faɗo can ƙasa bayan Zainab. Dalili: kwamfuta da lamba take jera haruffa. A tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lamba, babban Z lambarsa 90, babban Ɗ kuwa 394, Ɓ 385, Ƙ 408. Sai ka rubuta naka tsarin jerin da zai sa Ɗ bayan D, Ƙ bayan K. Haka kuma in ka fitar da fayil na CSV, wato jadawalin bayanai a rubutu zalla, aka buɗe a Excel, haruffan masu lanƙwasa kan rikiɗe su zama tarkace. In ka ajiye shi da tsarin haruffa na utf-8-sig a Python, sai su fito daidai.

Na tsaya a kan waɗannan ne domin su ne dukiyarka. Ka buɗe littafi, na takarda ma ya yi, ka rubuta kowace matsala: abin da aka gani, abin da ya jawo, yadda ka gyara, da kwanan wata. Daga littafin nan darussan da za ka koyar za su fito, daga nan tambayar bincikenka za ta fito, kuma ranar ganawar neman aiki in an ce ba mu labarin wata matsala da ka warware, ba za ka yi inda-inda ba.

In aikin ya tsaya da ƙafarsa, ka ɗora shi a GitHub da bayani a fayil ɗin README: wace matsala, wa ke amfani da shi, yadda ake kunna shi, da hoto biyu ko uku. Ka cire sunayen yara na gaskiya da makinsu, ka sa na ƙirƙira. Wannan amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 tana kanka.

Koyarwa

Akwai yiwuwar bautar ƙasa ta jefa ka aji, ko a wace jiha aka tura ka. Da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin hukunci, suna ta neman a sauya musu wuri. Ni shawarata ka karɓa. Shekara guda ce ta koyon sana'a da ake biyan ka alawus a kanta. In kuma kana gida kana jiran kira, ka tara yara biyar zuwa goma a zaure ko ajin Islamiyya ranar Alhamis da Juma'a da babu karatu.

Ka fara da abin da iyaye suka san darajarsa. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, kuma har yau akwai yaran da ranar jarrabawa ce ranar farko da suka riƙe linzamin kwamfuta. Koya musu wannan kawai alheri ne babba, kuma shi zai sa a yarda da kai in ka ce za ka ƙara da rubuta manhaja.

Rashin na'urori ba ya hana darasi. Na koyar da tsarin jera lambobi da yara takwas a tsaye gaban allo, kowa riƙe da takarda mai lamba, ana gwada biyu-biyu ana musanya wuri, sauran aji suna ƙirga sau nawa aka gwada. Na koyar da ma'ajin ƙima, wato variable, da gwangwanayen madara da aka liƙa wa suna: gwangwanin sunansa ɗaya, abin da ke ciki ke canzawa. In akwai laftof ɗaya, Scratch, manhajar koya wa yara kod ta jami'ar MIT, tana aiki ba intanet. In akwai wayoyin Android, manhajar Pydroid na gudanar da Python a kansu.

Ka yi bayani da Hausa, ka bar kalmomin kod ɗin yadda suke. Za ka sha mamakin yawan abin da kake zaton ka sani, sai ka zo faɗarsa da harshen gida ka ga ashe haddar Turanci ce kawai. Ranar da wata ɗaliba ta tambaye ni me ya sa ake fara ƙirga jeri daga sifili, sai da na ce ta bari sai gobe.

Kowane darasi ka rubuta shi a shafi ɗaya: abin da kake so su iya, misalin da ka kawo, inda suka rikice. Ka yi musu gwaji a makon farko da na ƙarshe, ka ajiye sakamakon. Da wannan ne "na koyar" ke zama magana mai shaida. In ka ga koyarwa ta shiga ranka, ka yi difilomar ilimi ta PGDE, a tsangayar ilimi ta jami'a ko ta Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, sannan ka yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai.

Bincike

Kalmar tana tsorata mutane, alhali ma'anarta ita ce tambayar da ba a amsa ba, da hanyar aunawa da wani zai iya maimaitawa. Tawa daga rajistar makarantar nan ta fito. Yaro ɗaya sai ya bayyana sau uku: Muhammad a aji ɗaya, Muhammadu a aji biyu, Moh'd a takardar kuɗin makaranta. Ta yaya kwamfuta za ta gane mutum ɗaya ne?

Akwai tsofaffin dabaru. Soundex, mai haɗa sunayen da furucinsu ya yi kama, don sunayen Turawa aka yi shi. Ma'aunin Levenshtein, wanda wani masanin Rasha ya fitar a 1965, yana ƙirga harafi nawa za a ƙara, a cire ko a sauya kafin kalma ta koma wata. Muhammad zuwa Muhammadu harafi ɗaya ne, madalla. To amma Aminu zuwa Amina ma harafi ɗaya ne, Hassan zuwa Hassana haka, ga shi kuwa namiji ne da mace. A ɗaya gefen, kowane Basakkwace ya san Garba Abubakar ne, Shehu Usmanu ne, Sanda Umaru ne, Mamman Muhammadu ne, amma a idon Levenshtein sun yi nisa da juna. Ka ga inda sanin gida ya fi na littafi.

Ga yadda za ka mayar da irin wannan bincike. Ka rubuta tambayar cikin jimla ɗaya. Ka nemi abin da aka riga aka yi a shafukan takardun bincike irin su Google Scholar, arXiv da AJOL, ka karanta takardu goma zuwa goma sha biyar, kana ajiye su a manhajar adana takardu ta Zotero; ka fara da taƙaitawa da sakamako kafin ka shiga ciki. Ka haɗa bayanai da izinin masu su, misali sunaye ɗari biyar bibbiyu, ka sa mutum biyu su yi musu hukunci kowa shi kaɗai: mutum ɗaya ne ko a'a. Ka fara gwada dabara mafi sauƙi ka rubuta makinta, sannan taka, mai ƙamus na laƙubba da ƙa'idar wasalin ƙarshe. Ka auna abu biyu: cikin waɗanda ta ce ɗaya ne nawa ta yi daidai, cikin waɗanda da gaske ɗaya ne nawa ta kamo. In taka ba ta fi ba, ka rubuta hakan. Ƙarya a alƙaluma ita ce abin da ba a yafewa a wannan fage.

Kada ka yi shi kai kaɗai. Ka koma wurin malamin da ya duba aikinka na kammala digiri da shafi biyu a hannu, ba da "Malam ina son bincike" ba. Ka shiga Masakhane, ƙungiyar masu binciken harsunan Afirka a kwamfuta, da HausaNLP, mai irin wannan aiki a kan Hausa. A intanet suke haɗuwa kuma suna karɓar masu farawa. Ka sa ido kan taron Deep Learning Indaba na masu binciken ƙirƙirarriyar basira (AI) a Afirka, wanda aka fara a 2017, da ƙaninsa IndabaX da ake yi a Najeriya. In aikin ya fi ƙarfin laftof ɗinka, Google Colab da Kaggle suna ba da aron na'ura kyauta gwargwado. Wanda ke da dogon buri kuma, rubuce-rubucen ajami da na Larabci da ke ajiye a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu aiki ne na shekaru ga mai son koya wa kwamfuta karatun hannu.

Sai gargaɗi. Da zarar sunanka ya fito a intanet za ka fara samun saƙonni daga mujallun da ke yabon "fitaccen aikinka", suna alkawarin bugawa cikin mako guda. Na faɗa hannun wata. Na biya kuɗin da na tara, aka buga takardar har da kuskuren da na bari a kanun, alamar babu wanda ya karanta. Da na nuna wa wani farfesa sai ya ce, "Ɗana, cire ta daga CV, rage maka daraja za ta yi." Kafin ka aika, ka duba ko mujallar tana cikin jerin mujallun da aka tantance na DOAJ ko Scopus, ka tambayi malami biyu. Mujallar kirki takan ɗauki watanni, ta kuma dawo maka da gyara mai zafi. Ka buɗe lambar ORCID tun yanzu, kyauta ce, ita za ta raba ka da sauran masu irin sunanka, matsalar da kai ka fi kowa sani.

Inda za ka kai kayan

Yanzu ka koma kan CV. Ka goge jerin harsunan nan. A ƙarƙashin manhaja ka rubuta abin da ka gina, wa ke amfani da shi, tun yaushe, da adireshin GitHub. A ƙarƙashin koyarwa, ɗalibai nawa, wata nawa, me suka iya a ƙarshe. A ƙarƙashin bincike, tambayar da sakamakon, ko da a taron sashe kawai ka gabatar. Shafi biyu sun isa.

Mai son aikin jami'a ya sani da digiri mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba aka fi ɗaukar mataimakin malami, kuma ba a nisa sai da digiri na biyu da na uku. In ka shiga makarantar gwamnati, asusun TETFund na ɗaukar nauyin ƙarin karatun malamai. Mai son fita waje ya duba tallafin Commonwealth, DAAD na Jamus, PTDF na gwamnatin Najeriya, da cibiyoyin kimiyyar lissafi na AIMS da ke ƙasashe irin su Ghana, Senegal da Ruwanda. Chevening na Birtaniya na neman shekara biyu ta aiki, ka ga amfanin rajistar koyarwar da na ce ka ajiye. Mai son kamfani ya gwada Google Summer of Code ko Outreachy, inda ake biyan mutum ya yi aiki daga gida a kan manhajojin da kowa ke iya gani ya gyara.

Dukkansu za su nemi wasiƙar shaida daga mutum biyu ko uku, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Naka ukun suna nan cikin aikin da ka yi: shugaban makarantar da ke buga kati da manhajarka, wanda ka koyar a ƙarƙashinsa, da malamin da kuka yi bincike tare. Ka je ka gaishe su da ƙafarka, ba ta waya ba, aƙalla mako uku kafin a rufe. Ka tafi da CV a buge, da shafi ɗaya mai tuna musu abin da kuka yi tare da kwanakinsa, da ranar rufewa a rubuce da manyan baƙi a sama. In saura mako guda ba ka ji komai ba, ka sake komawa gaisuwa.